Warin da Ita Kaɗai Ke Ji

Fiddausi ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ta cika ƙirji da iska a tsakar gida, sannan ta ɗaga labule. Mamman na kwance inda ta bar shi, idonsa a sama. Da ya ji motsinta ya juyo da kai. Ita kuwa ta kau da nata.

Warin ya riga ya cim mata, kamar an ƙona tsohuwar taya an zuba ruɓaɓɓiyar albasa a kai.

Tun da korona ta ratsa gidan nan na Ƙofar Kwaya ta kwantar da mutum uku, har da ita, abubuwa ba su koma daidai ba. Zazzaɓi ya tafi, tari ya tafi, amma hancin Fiddausi ya mutu murus. Da ya tashi farfaɗowa bayan watanni, sai ya dawo a karkace. Nama wari, sabulu wari, turaren wutan da ta fi so ma wari. Duk wannan da sauƙi, mutum na iya haƙura da nama. To Mamman fa?

Mamman ba ya magana, ba ya iya tashi zaune. Sai an juya shi, an wanke shi, an sauya masa shimfiɗa. Kuma bai saba karɓar abinci wurin kowa ba sai wurinta. Nan fa ake yin ta. Sai ta zauna ta juya fuska bango, ta riƙe numfashi har idonta ya kawo ruwa, tun bai ƙoshi ba ta janye, ta fita a guje ta yi amai a bakin magudana. Daga can tana jiyo shi, ta toshe kunne. Ta bar masa gadon ta koma tabarma a bakin ƙofa. Wallahi ba ta taɓa tsanar kanta irin haka ba.

Ta je asibiti a ɓoye. Likita ta ce ba ita kaɗai ba ce, cutar kan bar wa wasu wannan, kuma yawanci yana warwarewa. Ta ce ta riƙa shinshinar kanumfari da citta da ɓawon lemon tsami safe da yamma, hancin zai koyi aikinsa a hankali. Yaushe? Wata uku, shekara, Allah masani. Fiddausi ba ta iya buɗe baki ta faɗi wanda ya fi yi mata wari ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne yabo. Matan unguwa in sun shigo gaisuwa suka ga ta ja jiki can gefe, sai su hau sa mata albarka.

"Kai, ɗiyar nan akwai kunya! Ko sunansa ba ta kamawa, ko kallonsa ba ta yi gaban mutane. Irin tarbiyyar da ke nan."

Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kunyar me? Gudu take.

Mamman ya fara ramewa. Wuyansa ya yi siriri, idanunsa suka faɗa. Kowa bai lura ba sai Hajiya Indo, uwar mijinta, wadda ke zuwa daga Kambarawa duk Juma'a ta zauna a gefen gado tana tsokanarsa, wai malalaci ne, ba ya komai sai barci. Wannan Juma'ar ba ta yi tsokana ba. Ta taɓa hannunsa, ta daɗe tana dubansa, sannan ta kira Fiddausi.

"Mi ke faruwa a ɗakin nan?"

Fiddausi ta durƙusa ta faɗi gaskiya, duka, tana kuka. Hajiya ta sunkuya ta shinshina kan Mamman, ta ɗago.

"Ni dai ƙamshi na ji. Amma ban ƙaryata ki ba, lalura ce." Ta nisa. "Zan yi magana da ubansa. In tafi da shi wurina, in sayi madara, har Allah ya ba ki lafiya. In kuma kin ce za ki iya, in bar maki shi."

Ga dama an ba ta. Kalma ɗaya ce. Fiddausi ta kwance mayafin daga hancinta, ta matsa bakin gado, ta kai fuskarta kusa da tasa. Ya dube ta, ya kama yatsanta ya riƙe gam. Ta ja numfashi da niyyar daurewa. Warin ya buge ta, ta zare yatsan, ta ja da baya har ta bugi bango.

"Ki tafi da shi, Hajiya."

Hajiya ta miƙe. Ta haɗa kayansa a leda, ta sunkuya ta goya shi, ta ɗaure da majanyi, ta fita. Fiddausi ta tsaya a tsakar gida ta shaƙi iska mai daɗi son ranta, ta ji wani sauƙin da har abada ba za ta yafe wa kanta ba. Sai ta ji sanyi a ƙirji, ta duba: nono ya jiƙa mata gaban riga sharkaf, lokacin shan ɗanta na fari ya yi.