Tsiron da Baba Ya Bari

Da la'asar ne, bayan gidanmu na Kawo yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba ya dawo daga ofis, ya tsuguna gaban kuɓewar da muka shuka a rami ɗaya, ni da ƙanwata Jummai. Nawa tsiron na ɗaura masa jan zare, kullum sai na yi masa waƙa.

"In an bar biyu, duk ba sa haihuwa," in ji shi. Ya tuge nawa.

"Baba, nawa ne fa!"

"Na Jummai ya fi kauri, uwata. Jeki ɗebo masa ruwa."

Na ɗebo. Har yau in Jummai ta aiko mini da kuɓewar lambunta, maƙwabta nake raba wa.