Tukunyar da Ba a Wankewa

Gyara zama ka saurara da kyau, domin ni ba na maimaita misali.

An yi wani tsohon masaƙi wanda tsufa ya ɗauke wa haƙora, ciwon ciki kuma ya raba shi da tuwo. Abu ɗaya cikinsa yake karɓa, wato masar shinkafa da matarsa take soya masa kowace safiya, ta gutsuttsura ta a cikin miyar taushe har ta jiƙa. Masar tana da wani ɗan tsami mai sanyi wanda yake buɗe masa ciki, da ita kuma ya rayu shekara da shekaru. Ana nan sai Allah ya yi wa matar rasuwa, ba tare da doguwar jinya ba.

'Yarsu tilo, wadda aure ya kai wani gari mai nisa, ta zo zaman makoki, ta kuma nemi izinin mijinta ta tsaya ta kula da mahaifinta. Mace ce mai tsabta ƙwarai, ba ta iya zama tana kallon kwano marar wanki. Da aka share makoki jama'a suka watse, baƙin ciki ya hana ta zama wuri ɗaya, sai ta shiga madafar mahaifiyarta ta fito da komai tsakar gida. Ta goge tukwane da toka, ta kankare muciya da ludayi. A can bayan randa ta tarar da wata 'yar tukunyar ƙasa, an rufe ta da faifai an danne da dutse. Tana buɗewa warin tsami ya buge ta. Guntun ƙullu ne a gindin tukunyar, ya yi kumfa. Nan take hawaye ya zubo mata, domin ta ɗauka ƙarfi ne ya ƙare wa tsohuwar har kayanta suka riƙa lalacewa babu mai taya ta. Ta tuttular da ƙullun a kwata, ta dirje tukunyar da soso da ruwan zafi, ta kife ta a rana.

Daga nan ta jiƙa shinkafa, ta kai niƙa, ta zuba yis na kanti kamar yadda ta saba yi a gidanta. Masa ta tashi fara sol, kai ka ce gidan biki za a kai. Tsohon ya kai loma baki, ya ƙara ɗaya, sa'an nan ya rufe kwanon ya ce, "Allah ya yi miki albarka, uwata." Ta sake gwadawa da nono. Ta rage kanwa, ta bar ƙullun ya ƙara daɗewa, ta sauya shinkafa, har tandar da ake suya a ciki sai da ta sauya. Kullum loma biyu ce da sa albarka. Rigarsa ta fara yi masa yawa, zama a bakin zaure ya gagare shi.

Ran nan gwaggonta, yayar tsohon, ta zo dubiya. Ta leƙa madafa, ta ga 'yar tukunyar a kife a kan katanga, sai ta dafe ƙirji.

"Ke 'yar nan, ina abin da yake cikin tukunyar nan?"

"Na zubar, Gwaggo. Ai ya lalace."

"Ya lalace? La'ilaha illallahu! Ke da hannunki? Uwar ƙullu ce kika zubar! Duk ranar da uwarki ta yi masa sai ta rage kaɗan ta ajiye, da shi take tayar da na gaba. Daga ɗakin kakarki ta zo da shi ranar da aka kawo ta gidan nan. Ko haihuwarki ba ta sa an wanke tukunyar nan ba."

Tsohon yana kwance a ɗaki yana jin su. Ya ɗaga murya da ƙyar ya ce, "Yaya, ƙyale ta. Tun lomar farko na sani. Mu muka koya mata wanke-wanke, babu wanda ya nuna mata abin da ba a wankewa."

'Yar ta yafa mayafi ta bi gidajen unguwa tana tambaya, ko akwai wadda mahaifiyarta ta taɓa ɗibar wa. Masu masa duk sun koma yis, domin ya fi sauri. Wata tsohuwa ɗaya ta ce lalle an taɓa ba ta, amma tun da idonta ya yi rauni ta ajiye tanda. 'Yar ta dawo gida ta fara ajiye nata guntun ƙullun a cikin tukunyar, yana tsami kuwa, sai dai tsamin jiya daban, na shekaru daban. Tsohon bai daina yi mata loma biyunsa ba, don kada ranta ya ɓaci. Kafin a yanke sabuwar shinkafa aka kai shi makwancinsa kusa da matarsa.

To, ka lura da wannan. Matar nan ba ragguwa ba ce, ba ta kuma rasa ƙaunar iyayenta ba. Ƙaunar ce ma ta sa ta ɗauki soso. Tambaya ɗaya ta rasa yi, alhali gwaggonta tana nan cikin unguwa. Saboda haka idan ka gaji gida, ko sana'a, ko kujera, ka tarar da wani abu an rufe an danne da dutse, nemi wanda ya girme ka kafin ka kai hannu. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.