Ƙusar Bayan Auta

Likita ta juyo allon kwamfutar ya fuskance su. Ga ƙashin bayan Auta nan an gina shi kamar ka kai hannu ka taɓa, ga ƙusar ƙarfen da za a ɗaura mata gobe, ga kuma jijiyar laka a gefe, siririya. In ƙusar ta shafi jijiyar, yarinyar da tafiya sai dai ta ga ana yi.

"Manhajar kwamfutar nan tana haɗa su biyun ta nemo inda suka shiga juna," in ji likita. "In ta dawo hannu rabbana, to ba su haɗu ba."

Ta danna. Babu komai a wurin sakamako, sai koren haske. Maman Auta ta sauke ajiyar zuciya ta shiga hamdala.

Baban Auta kuwa ya matso kusa da allon. Mutum ne da ko a gida sai an yi da gaske ake jin muryarsa, amma yau baki ya buɗe. Ya ce a sake dannawa. Aka sake, kore. Ya ce a faɗaɗa hoton, kuma kafin likita ta gama laluben maɓallin har ya nuna mata shi. A jikin jijiyar akwai wani ɗan giɓi da bai kai ƙwayar gero ba.

"Yarinyar ta ɗan motsa ne lokacin ɗaukar hoto," in ji likita. "Ba wani abu ba ne."

"Likita, in hoton bai cika ba, lissafin ya gagari manhajar, me take nunawa?" in ji Baban Auta.

"Da can ja take yi ta ƙame, mu yini muna kiran kamfanin da ya yi ta. Tun da suka gyara ta, mun huta. Wanda ya yi gyaran nan, Allah ya yi masa albarka."

Maman Auta ce kaɗai ta amsa da amin. Shi kuwa ya ce a ɗage aikin a sake hoto. Likita ta ce ƙafafun yarinyar sun fara mutuwa, in gobe ta wuce sai wani watan.

"Haba Baban Auta!" Matar ta kama hannun rigarsa, idonta ya ciko. "Yau kuma ka fi likita sani ne? Ka ji tsoron Allah, 'yarka ce fa."

Tsoron ne ma ya sa shi magana. Ranar da ƙorafin asibitoci ya ishe shi a ofishinsu na kamfanin, shi da hannunsa ya rubuta wa manhajar cewa duk sanda ta dawo babu komai, ko ta duba ko ta kasa dubawa, ta nuna kore.