Kanwa a Tanderun Gilashi

Zauna nan, Barau, ka bar leƙen rumfar maƙwabcinka. Na lura kwanan nan ko gaisuwarsa da ƙyar kake amsawa. Saurari wannan misali.

An yi waɗansu masu sana'ar gilashi su biyu, babba da ƙarami, a wani lungu a Zariya. Ubangida ɗaya ya koya musu, kuma tanderu ɗaya suke gasa kayansu a ciki. Aikinsu shi ne su yanka fallen jan ƙarfe mai sirantaka kamar takarda, su fitar da siffar tsuntsu ko ganye, su shimfiɗa ta tsakanin gilashi biyu, su sa a wuta har gilasan su narke su haɗe, adon ya zauna a ciki kamar ƙwaro a cikin ƙaro. Babban ya ƙware da almakashi, shi ake nema. Ƙaramin kuwa hannunsa na rawa, tsuntsayensa kan fito da karkataccen baki. Ana nan sai ƙaramin ya sayar da babur ɗinsa, ya sayo wani ɗan inji da bai fi dutsen niƙa girma ba, tare da ƙarafa masu kaifi, kowanne da siffar da yake yankawa. Sai ya ɗora falle a kan ƙarfen, ya tura cikin injin, ya murɗa hannu, tsuntsu ya fito ta wancan gefen sumul, babu tsaga babu lanƙwasa. Kafin babban ya gama fiffike ɗaya, ƙaramin ya cika faifai.

Tun daga ranar babban bai ƙara jin daɗin duniya ba. Ƙarar injin nan, ƙir-ƙir, kamar a haƙoransa ake murɗa shi. In mai saye ya wuce ƙofarsa ya shiga ta ƙaramin, ranar ko tuwo ba ya ci. A majalisa yakan ce aikin inji ba shi da rai, amma da ƙaramin ya fita alwala sai ya ɗauki tsuntsu ɗaya ya yi ta juya shi yana neman aibi. Ba ya samu, rashin samun kuma shi ya fi ƙona masa zuciya. Ƙaramin ya taɓa ce masa, "Yaya, injin nan namu ne, ka riƙa yanka naka." Har wannan tayin ya ɗauke shi cin fuska.

Sai ga wata hajiya mai gina gidan biki tana son a yi wa dukkan tagoginta gilashin ado. Aiki ne da zai riƙe mutum shekara, ya kuma fitar da sunansa gari. Ta ce kowannensu ya gasa samfuri ta zo ta zaɓa. Da hantsi suka jera nasu a tanderu, ƙaramin ya tafi ɗaurin auren wani abokinsa, ya bar wa babban kunna wuta. Babban ya san abin da ubangidansu ya sha faɗa: duk dattin da ya shiga tsakanin gilashi biyu, iska zai tara ya ɓata aiki. Ya ɗebo dakakkiyar kanwa, ya ɗaga gilashin saman na ƙaramin, ya barbaɗa a kan tsuntsayen, ya mayar ya rufe. Ya kunna wuta, ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi, abin da ya daɗe bai ji ba.

Washegari tanderu ya huce, hajiya ta iso. Na babban ya fito da kyau kamar kullum, ta duba ta ajiye. Da aka ciro na ƙaramin, sai ga ƙananan ƙwayoyin iska sun kewaye kowane tsuntsu, jan ƙarfen ya rine ya yi jawur. Ta ɗaga shi saitin rana, sai ka rantse tsuntsaye ne ke tashi a cikin yayyafin farkon damina. Ta daɗe ba ta sauke hannu ba, sannan ta ce, "Wannan nake so. Kowace taga haka za a yi mini."

Ƙaramin bai san yadda aka yi ba. Bayan ta tafi ya leƙa tanderu, ya ga ɗan farin gari a bakin ƙofar, ya dangwala ya sa a harshe. Kanwa. Ya dubi babban, babban ya sunkuyar da kai yana goge almakashin da ba shi da datti. Ƙaramin ya tafi kasuwa. Ya sayo kanwa ya yi ta gwaji, wani ya kumbura, wani ya fashe, har ya gano daidai gwargwadon da gilashi yake ɗauka. Aka kafa tagogin, mutane suka laƙaba wa aikin suna gilashin yayyafi, ana zuwa nemansa daga Kaduna da Katsina.

Babban yana zaune yana jin ana yabon abin da ya fito daga hannunsa, ba shi da bakin cewa nasa ne, don in ya faɗa sai ya faɗi abin da ya kai hannun nasa wurin. Haka ya haɗiye maganar har ya tsufa.

Shi ya sa magabata suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.