Gambar Kan Iyaka

Ka ce hanya kawai suke nema, ba gona ba? To, gyara zama ka ji.

An yi wani manomi a wani ɗan gari da kwalta ta ratsa. Tun zuwan titin dillalai suka riƙa sintiri da igiyar awo, suna so a yanka gonakin bayan gari a yi fuloti. Mutanen garin suka haɗa baki a kan ba mai sayarwa, da shi aka shafa fatiha. Gonarsa ce ta farko daga bakin titi, gadon kakansa, jigawa mai ba da gero har rumbu ya ƙi rufuwa. Tsakaninsa da maƙwabcinsa akwai layin gamba da iyayensu suka dasa don shaidar iyaka, da kaka su yanke ta tare, kowa ya saƙa zana. Wata rana wani dillali mai zaƙin baki ya same shi yana sharar gona, ya ce shi ba ruwansa da gona, Allah ya kiyaye, layin ciyawar nan kaɗai yake so, mota ta samu wucewa zuwa wani faƙo da ya saya can ciki. Manomin ya duba, ya ga ko zangarniya ɗaya ba ta fita a wurin. Ya ce a ransa ai alkawarin gona aka yi, ba na ciyawa ba. Ka ji wayon banza. Ko shawartar maƙwabcin bai yi ba, ya amince.

Aka tumɓuke gamba, tifa ta fara shiga da yashi. Ashe saiwar ciyawar nan ce ke riƙe da ƙasa. Ruwan farko ya bi sawun taya, ya zabtare gefen gonakin biyu. Da aka zo gyara, ba wanda ya san inda tasa ta tsaya. Mutanen da suka shekara talatin suna cin tuwo a akushi ɗaya, sai ga su gaban mai unguwa suna nuna wa juna yatsa. Maƙwabcin ya yi zuciya ya sayar da tasa, ya ce ba ya ƙara haɗa iyaka da maci amana. Na bayansa ya ga gini ya tsaya masa a ka, awakin sababbin gidaje sun hana shi sakat, shi ma ya sallama. Kafin shekara huɗu manomin nan yana noma ne tsakanin katanga uku, ruwan kwata na kwarara cikin geronsa, ba mai zuwa masa gayya don babu sauran manomi kusa. Baƙin ciki ya ci shi har ya rame, kuma bai ga wanda zai ɗora wa laifi ba. Ranar da ya tafi da ƙafarsa neman dillalin don ya sayar masa da gonar, a tsaye aka bar shi a ƙofar ofis, aka ce ya dawo jibi.

Kada ka zagi dillali, sana'arsa yake yi. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.