Famfo Mai Jan Ƙyalle

"Jama'a, ana cigiyar mai wannan," in ji wani dattijo bayan an idar da sallar Juma'a. Ya ɗaga famfon keke mai jan ƙyalle a wuya. Da hannuna na ɗaura wannan ƙyallen.

Kwana tara kafin nan, a siririyar hanyar Dagumawa wadda mu masu keke muke bi tare da shanu da masu tallar nono, na sha kwana a guje don kada in makara aiki. Birkina ya daɗe da lalacewa, kullum ina cewa gobe zan gyara. Na banke wata tsohuwa. Na ji fashewar ƙwarya, na ga nono yana bin ƙasa, na miƙe na hau kekena ban waiwaya ba. Sai da na isa Wudil na lura famfon ya faɗi.

"Matata ce ta tsince shi a inda aka buge ta," in ji dattijon. "Shekaranjiya muka kai ta makwancinta. Ta bar mini wasiyya in nemi mai shi, kada ta tafi da kayan wani a wuyanta."

Maƙwabcina ya zungure ni. "Malam, ai kamar naka."

"Ba nawa ba ne."

Yau Juma'a ta goma sha huɗu ke nan dattijon yana tsayawa a ƙofar masallaci da famfon a hannu. Ni kuwa a ƙasa nake zuwa aiki. Tayoyin kekena sun sace tuni, kuma na kasa sayen wani famfon.