Inna Indo da Hawa na Shida

Tun da Inna Indo ta sauka a Alƙahira don kula da jegon 'yarta Fauziyya, ba ta ga ta zama ba. Gidan a unguwar Faisal yake, can hawa na shida, kuma lif ɗinsa ya daɗe da mutuwa. Mijin Fauziyya, Haisam, ɗalibi ne, da safe yake fita sai yamma.

Mutanen unguwar suna da dabararsu. Kwando suke ɗaura wa igiya su zuro ta baranda, mai kayan miya ya zuba, su ja abinsu. Inna kuwa ta ce atafau.

"Mai jego za ta ci, in bar wani ƙato ya turo mini ruɓaɓɓen tumatur? Allah ya kiyaye!"

Da ƙafarta take sauka, ta zaɓa da hannunta, ta hauro. Ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta haura rufin gida shanya.

Fauziyya ta gani, ba za ta ce ba ta gani ba. Inna ta fara tsayawa a kowane hawa tana haki. Silifas ya daina shiga ƙafarta saboda kumburi. Barci ma a jingine take yi, wai kwanciya tana shaƙe ta.

"Inna, ko dai jikin ne?"

"Ke 'yar nan, tsufa ne kawai. Kula da ɗanki."

Fauziyya ta samu abin da take son ji. Ai Inna ƙarfe ce, matar da ta yi ta ɗauko itace daga bayan gari! Sai ta riƙa cika mata shayi da sukari, wai ƙarfi ne ya yi mata kaɗan.

Wata rana maƙwabciyarsu, Dakta Widad, likita 'yar Masar, ta tarar da Inna zaune a kan matakala, ledar kayan miya a gefe, gumi ya jiƙe mata mayafi. Ta riƙo ta har gida, ta ja Fauziyya gefe.

"Ya Fauziyya, wannan ba gajiya ba ce. Ki kai Hajja asibiti a duba zuciyarta."

"Ma'alish, ba komai, Dakta, tana cin abinci sosai. Sukari ma ina ƙara mata."

Dakta Widad ta girgiza kai. "Zuciya tsoka ce da ba ta hutu. A cikin ƙwayoyinta akwai wasu 'yan murhuna da ke ƙona kitse da sukari su ba ta ƙarfin bugawa. Idan shekaru suka ja, murhunan sukan ragu, wutarsu ta yi sanyi, kitsen ya daina ƙonuwa kamar da. A zaune zuciyar takan lallaɓa, amma hawan bene ya fi ƙarfinta. Abincin yana nan, ƙona shi ne ya gagara. Ki hana ta matakalar nan, ki raba ta da kanwa da gishiri."

"Tamam, na ji. Bari dai a yi arba'in, sai mu je."

Haka Fauziyya ta ce, don tana tunanin idan aka kwantar da Inna, wa zai yi mata wankan jego?

Ba a kai arba'in ɗin ba. Wata hantsi Fauziyya tana shayar da jariri ta jiyo ihu daga ƙasa. Ta fito ba ko ɗankwali. Tumatur ta fara hangowa, sun warwatsu a kan matakala, kowanne ja jawur, babu ruɓaɓɓe ko ɗaya. Inna tana kwance a tsakanin hawa na huɗu da na biyar, hannunta riƙe da ƙarfen bene.

"Inna! Inna, ki tashi mu je asibitin yanzu! Wallahi yanzu za mu je!"

Kafin motar asibiti ta ratso cunkoson Faisal, rai ya yi halinsa. A Alƙahira aka binne ta, nesa da gida, nesa da sauran 'ya'yanta.

Bayan zaman makoki, Fauziyya ta zura kwandon nan ta baranda. Mai kayan miya ya ɗaga kai yana murmushi.

"Ina Hajja? Kwana biyu ba ta sauko ta yi mini faɗa ba. Ki ce mata na zaɓa mata masu kyau!"

Fauziyya ta kasa jan igiyar. Ta durƙusa a nan tana kuka kamar ranta zai fita.

Jama'a, zuciyar dattijo ba irin ta yaro ba ce, kuma iyayenmu ba sa faɗin ciwonsu. In kun ga haki, kumburin ƙafa ko kasa kwanciya, ku sauke musu aiki ku kai su asibiti a ranar, kada ku ce tsufa ne kawai.